Amsa ga Aminu kan kasakasan marigayi Malam

Ɗana Aminu, saƙonka ya iso. Ka ce kun buɗe adakar marigayi kakanka kun tarar da kaset ya fi hamsin, wasu na tafsiri, wasu na karatun da ya yi wa almajirai da bakinsa, kana tambaya ko a al'ada raba su ake yi kamar tufafi, ko kuwa a mayar a rufe yadda ya bar su.

Abin da aka saba a gidajen malamai shi ne ba a warwatsa littattafai. Magada kan yarda a bar su wurin wanda ya gaji karatun, mai bukata ya zo ya duba. Kaset ma haka ya kamata, amma ka fara neman yardar baffanninka da gwaggwanninka, don kayan gado ne. Inda zan saɓa wa masu cewa a rufe shi ne, takarda tana jure ajiya, zaren kaset ba ya jurewa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma galibin na gidajenmu an daɗe da ɗaukar su. Ka ga sun tsufa ke nan.

Zaren nan ledar roba ce siririya, faɗinta bai kai milimita 4 ba, an shafa mata garin ƙarfe mai kama da tsatsa, an riƙe shi da wani irin danƙo. Muryar tana cikin garin. Danƙon ne ke fara mutuwa: yana shan laimar damina, ya yi laushi, sai zaren ya manne da juna ko ya riƙa zubar da gari. Alamarsa ita ce ƙara kamar kukan ɓera lokacin da yake juyawa, murya ta dushe, ka ga baƙin datti a kan ƙarfen da ke karanta zaren, wanda masu gyara ke kira hed. Da ka ji haka ka kashe nan take, domin abin da ya kankare murya ce, kuma ba ta dawowa. Zafin bazara kuma yana lanƙwasa kwanson ya miƙar da zaren, shi ya sa kaset ɗin da ya kwana biyu a gaban mota yake waƙa kamar mai maye. Ƙurar hunturu tana karce shi. Maganaɗisu yana goge shi, don haka kada ka ɗora su a kan lasifika.

Kada ka yi gaggawar saka ko ɗaya a rakoda. Fara da ɓalle ƴan haƙoran roba biyu da ke saman kowane kaset, domin ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai ɗauki wani abu a kai ba. Sannan ka leƙa ta ƴar tagar. In ka ga fari-fari kamar gari ko saƙar gizo, funfuna ce. Ware irin waɗannan a leda daban, ka rufe hancinka in za ka taɓa su, kada su shiga rakoda su shafa wa sauran. Duba kuma ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiyar baki. Yakan faɗi in gam ɗinsa ya bushe, kuma in babu shi murya ba za ta fita sosai ba. Sai ka sa biro a ramin ka juya a hankali. In ya cije, kada ka tilasta.

Kwanson da ya lalace ba abin damuwa ba ne. Mai noti biyar ana kwance shi, a ɗauke zaren da ƙafafunsa biyu a mayar cikin wani kwanso mai lafiya, da hannu wankakke, ana riƙe gefe kawai. In zare ya tsinke, akwai salatif na musamman na haɗa shi, a manna ta bayan zaren, ba ta fuskar da ke taɓa hed ba. Salatif na kanti gam ɗinsa yana tsatsowa ya manne zagayen da ke kusa, ɓarnarsa ta fi gyaransa. Ka fi taka-tsantsan da masu lamba C120, wato na minti 120, zarensu kusan rabin kaurin na C60 mai minti 60 ne, su rakoda ta fi ci.

Ita rakodar ma sai an duba ta. Bel ɗinta na roba yakan narke ya zama kamar kwalta, a kai wa mai gyaran rediyo ya canza. A goge hed da ƙarfen da ke jan zare da auduga da sifirit mai ƙarfi, na kashi 90 cikin ɗari ko sama, a bari ya bushe. Gwada ta da kaset ɗin da ba ka jin asararsa. Kafin ka kunna na Malam, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi, hakan yana sassauta zaren, yana kuma rage amsa-kuwwar da zagaye ke ɗauka daga maƙwabcinsa.

Ka ɗauka cewa kunnawar farko ita ce ta ƙarshe, don haka kwamfuta ta kasance a haɗe tun daga farko, da waya daga ramin fitar sauti, ba ka kara wayar hannu a bakin lasifika ba. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce. Ajiye a tsarin WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, awa ɗaya takan ci wajen gigabait ɗaya in ka zaɓi inganci mai kyau, daga baya ka yi MP3 don tura wa dangi. Kwafi uku, a gida aƙalla biyu. Ta nan kowane magaji ya sami rabonsa ba a raba komai ba.

Za ka ji ana cewa ana gasa zaren da ya manne. Gaskiya ne, masana kan yi a zafin wajen digiri 54 na awoyi, a na'urar da ke riƙe zafi daidai, kuma gyaran na ƴan makonni ne. Kada ka gwada da murhu ko rana. In akwai manyan faifan zare na da a adakar, masu warin tsami, waɗannan zafi kashe su yake yi gaba ɗaya.

Bayan an kwafa, kada a zubar da na asali. Kowanne a gidansa na roba, a jera su tsaye kamar littattafai, a kan kanta nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo, a ɗakin da ya fi sanyi. Digiri 20 da laima ƙasa da kashi 50 ake so, wanda da wuya a samu a nan, amma akwatin roba mai murfi da ƴan ƙullin silika masu shan danshi yana taimakawa. Ka fara da waɗanda muryar Malam ce a ciki, na tafsirin manyan malamai ana iya samun su a wani wuri. Kuma ka kwafe duk abin da ya rubuta a jikin kowane kwali kafin tawadar ta ƙarasa kodewa. Ka gaida mahaifiyarka.