Amsa: Tsatsa ta kama mini sifanu da filaya

Malam, ka ce damina ta wuce ka buɗe akwatin kayan aikinka ka tarar sifanu da filaya duk sun yi ja, har filayar ta ƙi buɗewa. Kada ka zubar, za su tashi.

Fara wanke su da kalanzir, don maiƙo yana hana tsami ratsa tsatsa. Sai ka samu robar da za ta ɗauke su, ka zuba ruwan khal har ya rufe su, su kwana ɗaya. In babu khal, jiƙa tsamiya da kauri ko ka matse lemon tsami, sai dai sun fi jinkiri. Da safe za ka ga ruwan ya yi jaja-jaja, tsatsar ta yi laushi, soson ƙarfe kawai za ka sa ta fita.

Inda mutane ke kuskure shi ne bayan nan. Tsamin da ya rage a jikin ƙarfe zai ci gaba da cinsa, don haka ka ɗauraye da ruwan kanwa, ita ke kashe tsamin. Ka goge nan take ka shanya a rana. Na taɓa barin nawa a jiƙe na tafi masallaci, kafin in dawo sun sake yin ja.

Filayar kuwa, ɗiga mata baƙin mai a mahaɗa, ka yi ta buɗewa da rufewa har ta saki. Ruwan batir da wasu ke ba da shawara, rabu da shi, yana cin ƙarfe, ga ƙona hannu.