Amsa: Takobin kakanka tsoho ne ko sabo?

Malam, kan takobin da ka gada wajen kakanka, kada tambarin jinjirin wata biyu da ke jikin ruwansa ya ruɗe ka. Gaskiya ne fatake sun shigo da ruwan takubba da yawa masu irin wannan tambari daga Solingen ta Jamus, amma maƙeran Abzin da na ƙasar Hausa sun iya kwaikwayon tambarin sosai.

Duba kwarmin da ke tsakiyar ruwan. Na tsoho ya sha hannu har ya yi sulɓi. Kube da mariƙi kuwa ana sauya su, ba sa nuna shekaru.

Don Allah kada ka goge shi da samfefa, baƙin da ruwan ya yi shi ne shaidar tsufansa. Ɗan mai kawai za ka shafa.