Me ya sa tabar siga mai sauƙi da ta daɗe a ajiye take rasa ɗanɗano?

Malam, ka ce naɗaɗɗiyar tabar ganyen da ka ajiye shekara 6 ta koma lami. Haka siga (wato irin wannan tabar) mai sauƙin ɗanɗano take, musamman wadda aka naɗe da bawon ganyen Connecticut, irin ganyen taba mai sunan wata jiha a Amurka. Shekara 1 zuwa 3 na farko warin amoniya da kaifin da ke kartar maƙogwaro suna gushewa, sai ɗanɗanon man shanu, gyaɗa soyayya da ƙamshin katako su fito. Bayan haka man ganyen raguwa yake yi, don tun asali ba shi da yawa.

A Zariya kuwa hunturu ne babban maƙiyi. Iska ta bushe, bawon ya tsage, hayaƙin ya yi zafi da ɗaci. Riƙe laimar akwatin da kake ajiye tabar a kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi wajen digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Celsius. Zafin Afrilu na ƙyanƙyashe ƙwaron taba, ya huda ganyen. Da damina kuma fumfuna.

In ta bushe, kada ka jiƙa ta lokaci guda, fashewa za ta yi. A hankali, cikin makonni. Wajen sha, zuƙa ɗaya a minti, ba a haɗiye hayaƙin. Sauƙin ɗanɗanonta dai bai rage illarta ga baki da maƙogwaro ba.