Amsa: Shin 'yan Adbentis na ƙarni na 19 sun haramta madara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 'yan cocin Adbentis a Amurka sun hana shan madara kamar yadda suka guji nama. Ba su hana ba, sai dai sun yi kaffa-kaffa da ita, kuma a ganina suna da hujja.

Duba irin madarar da ake sayarwa a biranen wancan zamani. A Niyok, ana tsare shanu a kusa da masana'antun giya ana ba su dusar da ta rage bayan an tace barasa. Shanun su kamu da ciwo, a tatse su a haka, a ƙara wa madarar ruwa, har da alli don ta yi fari. A 1858 wata jarida ta tona asirin, lokacin jarirai na ta mutuwa. Abin tausayi ne ƙwarai, domin iyaye talakawa ba su da wata madarar.

Ellen White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cocin Adbentis, wadda ta soma wa'azin gyaran abinci a 1863, ta shawarci mabiyanta su tafasa madara, su tabbatar saniyar lafiyayya ce, kuma kada su yawaita haɗa madara da sukari. Ta ce lokaci zai zo da za a bar shan madara saboda cututtukan dabbobi, amma ta tsawata wa masu zafin kai da ke hana iyalai marasa hali madara da ƙwai alhali ba su da madadinsu. Naman alade, giya, taba, shayi da kofi ne 'yan Adbentis suka fi tsananta a kansu.