Farin garin da ya fito a ganyen Monarda

Ɗana, na ga saƙonka har da hoton. Ka ce furannin gidan tsohuwar nan ganyensu ya yi fari fat kamar an barbaɗa musu toka, na ƙasa sun fara zubewa, kana tambaya ko ka sayo magani ka fesa kafin ta gani. Ajiye famfon feshin nan tukuna.

Shukar nan da Turawa ke kira bee balm, sunanta a littafi Monarda, an sa mata sunan wani likita ne ɗan Sifen, Nicolás Monardes, wanda ya yi rubutu a kan tsirran Amurka a ƙarni na 16. 'Yar ƙasa ce a nan Amurka, ba baƙuwa ba kamar ni da kai. Mutanen asali na wannan yanki suna dafa ganyenta su sha tun kafin zuwan Turawa, shi ya sa har yau ake ce mata shayin Oswego, sunan wani wuri a bakin tafkin Ontario, cikin jihar nan tamu ta New York. In ka koma gobe, murza karan a tsakanin yatsunka. Za ka ji yana da kusurwa huɗu. Sannan ka shinshina ganyen. Dangin na'a-na'a ce da daddoyar da iyayenmu ke shukawa a bayan ɗaki, kuma halinta ɗaya da na'a-na'a: saiwa ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, bana tana nan, baɗi ta shiga gonar maƙwabci.

Wannan halin ne ya jawo abin da ka gani. Farin garin fumfuna ce, kuma tana son wurin da kara ya cushe, iska ba ta ratsawa. Agusta lokacinta ne, rana da zafi, dare da laima. In kuma saiwa ta ji ƙishi, sai abin ya ƙaru. Mutane da yawa suna ganin fumfuna sai su ce ruwa ne ya yi yawa, su rage ban ruwa, su ƙara wa Borno dawaki. Mai jan fure ɗin nan, Monarda didyma, asalinta a bakin rafi take fitowa, ba ta jure ƙasa ta bushe ƙayau. Ka ba ta ruwa a gindi da safe, ya jiƙa sosai, ka rufe gindin da ɓawon itace.

Ciwon yana ɓata kyan gani, amma da wuya ya kashe ta. Matar nan kuwa ba don ado kaɗai ta biya mu ba, lambun ƙudan zuma ta ce tana so. Tsaya minti biyar a gaban furen da hantsi ka gani. Manyan ƙudan zuman nan masu gashi suna kan mai launin shunayya, Monarda fistulosa. Jan kuma, da yake bututun furensa dogo ne, ɗan tsuntsun nan mai dogon baki da ke tsayawa cak a iska shi ya fi morarsa. Ga malam-buɗe-littafi. Duk waɗannan a kwano ɗaya suke ci, kai kuma kana so ka zuba magani a kwanon? Har maganin fumfuna ban yarda da shi a kan buɗaɗɗen fure ba, balle na ƙwari.

Ni ma na taɓa wannan kuskure. Shekarata ta farko a aikin nan na dasa su kusa-kusa, taƙi ɗaya tsakani, don in burge mai gida wurin ya cika da wuri. Ya cika kuwa. Shekara ta biyu sai ga karare tsirara, ganye ya kakkaɓe har gwiwa, fure a sama kamar an aske musu ƙeya. Da kuɗina na sake aikin.

Yanzu dai ka tsinke ganyen da ya fi lalacewa, ka yanke furen da ya bushe don wasu su fito. Ƙarshen kaka za mu sare karan da ya kamu mu zuba a shara, kada ka kai shi cikin taki. Masu lafiya za mu bar su tsaye, mu rage musu tsawo kawai, don akwai ƙananan ƙudajen da ke yin gida a cikin ramin kara.

Babban aikin sai Afrilu, in sun fara leƙowa. Gindin nan ya kai shekara uku, tsakiyarsa ta mutu, gefe ne ke da rai. Za mu tono shi, mu jefar da tsakiyar, mu raba gefen mu sake dasawa da tazarar santimita 45 zuwa 60, inda rana ke samunsu aƙalla awa 6. A watan Mayu mu cire wasu kararen daga tushe don iska ta wuce. In ta yarda a ƙaro sababbi, zan ce a kawo irin Monarda da ake kira Jacob Cline ko Marshall's Delight, sun fi jure ciwon.

Tsohuwar kuma kada ka ɓoye mata. Ka kai ta wurin da kanka, ka nuna mata ganyen, ka nuna mata ƙudajen. Ranar Asabar zan biyo, ka taho da almakashi da buhu biyu.