Amsa ga mai tambaya kan sa Linux a tsohuwar laftop

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce laftop ɗinka 'yar gwanjo ce mai RAM giga 4, ta ƙi karɓar Windows 11, mai gyara kuma ya ce ka kawo ya sa maka Windows ɗin da aka fasa, shi ne kake tambaya ko Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, zai fisshe ka. Ni da Linux Mint, wani nau'in Linux, nake aiki shekara da shekaru a nan Sakkwato, kuma ina ganin zai fisshe ka, in dai karatu da rubutu ne aikinka.

Gaskiya ne Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma sai na'ura mai TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Amma don Allah ka bar zancen wadda aka fasa. Na sha tsayawa a shagon gyara ina kallo: kafin yaron ya kunna manhajar da ke fasa ta, sai ya kashe antibairos. Wani abu da ba ka san wanda ya rubuta shi ba ya shige cikin na'urarka, a nan kuma kake buɗe imel da asusun banki. Wannan ya fi damuna nesa ba kusa ba a kan duk wata muhawarar sirri da ake yi.

Mint mai Xfce, wato nau'in mai fuskar allo marar nauyi, za ka nema, don ba ta cin RAM sosai. A zafin Afrilu, lokacin da fankar laftop ke gurnani tun hantsi, tawa ta fi samun sauƙi, ko da yake sai ka haɗa da busa mata ƙura bayan hunturu. Mint yana zuwa da burauzar Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word ya kuma adana su. Sai dai wani lokaci teburi da lambar shafi kan goce in an buɗe a kwamfutar shagon buga takardu, musamman da yake Times New Roman ba ya ciki sai ka ɗora shi da kanka. Mayar da aikinka PDF kafin ka kai bugu, magana ta ƙare. Akwai tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, ga na Larabci, ba sai ka sauko da komai ba.

Inda ba zan rufe ka ba: CorelDraw da Photoshop ba sa hawa kai tsaye. In da su kake neman na cefane, zauna kan Windows ta halal. Makamantansu, Inkscape da GIMP, suna aiki, amma masu buga bana ta talla sai su ce fayil ɗin Corel suke so.

Batun sirri kuwa, a ganina mutane suna tsallake na kusa su kama na nesa. VPN, wato manhajar ɓoye zirga-zirgar intanet, in na kyauta ne da ba ka san mai shi ba, duk zirga-zirgarka ta hannunsa take bi. Signal, manhajar aika saƙo, yana da kyau, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi, amma 'yan uwanka suna WhatsApp, wanda shi ma tun 2016 da tsarin ɓoye saƙo na Signal yake aiki. Abin da ke cin mutanenmu shi ne lambar nan ta WhatsApp mai alƙaluma 6 da 'yan damfara ke kira su ce ka karanto don taron ƙungiya. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp yau ɗin nan. A Firefox ka sa uBlock Origin, zai tare tallace-tallace, data ma ta ɗan yi auki. Lokacin ɗora Mint kuma akwai zaɓin kulle faifan ajiya gaba ɗaya, mai amfani ranar da ka bar na'urar wurin gyara, sai dai in ka manta kalmar sirrin babu mai buɗe maka.

Kada ka goge komai tukuna. Fayil ɗin Mint kusan giga 3 ne. Sa shi a filashi mai giga 8 da manhajar Rufus, ka tayar da laftop daga filashin, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara ba tare da an taɓa Windows ɗinka ba. In duk sun yi, kwashe takardunka da hotuna zuwa wani wuri sannan ka ɗora. In Wi-Fi ya ƙi, turo mana samfurin laftop ɗin mu duba tare.