Filin Tambaya da Amsa: Aikin kwamfuta, barcin rana da kiwon tattabaru

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai shekara 27, ina zaune a gidan mahaifina a Kano, kuma ina rubuta manhaja ga wani kamfani da ke New York a Amurka, daga ɗakina nake yi musu aiki. Nakan fara da ƙarfe biyu na rana in tashi da goma na dare. Da na tashi sai in koma kan abin da na fi so, wato haɗa ƙananan na'urori da allon Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, kuma sau da yawa ba na kwanciya sai bayan sallar asuba. Yanzu haka ina haɗa wata na'ura da za ta riƙa kashe injin jan ruwa idan tankin gidanmu ya cika. Mahaifiyata ta ce na zama baƙo a gida, abokaina sun daina gaya mini ɗaurin aure, mahaifina kuwa bai fito fili ba, amma na lura hankalinsa bai kwanta da kuɗin da nake samu ba tare da na fita ba. Shin in bar wannan sha'awar ne?

Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bar Arduino, lokacin da ka ware masa ne ya kamata ka sauya, domin dare ka ba shi, shi kuma daren ya cinye maka safiya.

Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, New York tana bayanmu da sa'a biyar, shi ya sa ƙarfe taran safiyarsu take zama biyun ranarka. Idan sun mayar da agogonsu baya a lokacin sanyi, tazarar takan koma shida, aikinka ya kama daga uku na yamma zuwa sha ɗaya na dare. Ko wanne ne, tun daga asuba har azahar babu mai neman ka, kuma a daidai wannan tsakanin ne Kano take yin yawancin harkokinta na zumunci. Da sassafe ake raɗin suna, da hantsi ake zuwa gaisuwar rasuwa da dubiya, ɗaurin aure kuwa in ba bayan sallar Juma'a ba, to safiyar Asabar ko Lahadi ce. Ma'aikacin banki da malamin makaranta sai sun nemi izini kafin su halarci waɗannan, kai kuwa an bar maka lokacin a hannunka, barci kawai kake yi a cikinsa. Abokanka ba su ƙi ka ba, sun gaji da aiko maka da kati ne ba su gan ka ba, kuma ka san an ce zumunci a ƙafa yake.

Babban mutum yana bukatar barcin da bai gaza sa'a bakwai ba. Idan ka tashi aiki da goma, ka rufe kwamfutar, ka shiga wajen mahaifiyarka ku yi hira ko da ta rabin sa'a ce, ka kwanta kafin sha ɗaya. Bayan sallar asuba kana iya ƙara sa'a ɗaya, a watannin sanyi kuma ka cike da ƙailula kafin ka zauna aiki. Jikin da ya saba da kwana ido biyu ba zai yarda da wannan a dare ɗaya ba, saboda haka ka riƙa matso da lokacin kwanciyarka da sa'a guda duk bayan kwana biyu ko uku, ka kuma daina shan shayi mai ƙarfi ko kofi daga la'asar. La'asar da magariba da isha'i duk suna faɗowa a cikin lokacin aikinka, to ka sanar da shugaban sashenku, ka rubuta su a jadawalin da abokan aikinka suke gani, ka fita masallacin unguwa. Fitar nan ta 'yan mintoci za ta hutar da idonka da bayanka, kuma maƙwabta za su riƙa ganin ka kullum, wanda shi kaɗai yana rage zato.

Game da mahaifinka, ina roƙon ka kada ka ji haushinsa. Mutum ne da yake jin labarin hukumar EFCC tana kama matasa masu damfara ta intanet, kuma abin da ake nunawa a hotunan kamen shi ne kwamfuta da waya da kuɗin waje, abubuwan da yake gani a ɗakinka. Shirunsa na kunya ne da gudun ɓata maka rai, don haka kai ne za ka fara. Ka zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ka kai masa takardar yarjejeniyar aikinka a buge, ka karanta masa ita da Hausa, ka buɗe masa manhajar da kuke ginawa ka nuna masa sashen da ya fito daga hannunka, sannan ka nuna masa bayanin banki mai ɗauke da sunan kamfanin da ranar da albashi yake shigowa. Idan akwai wani kawu ko amininsa da ya san harkar, ka gayyato shi ya zauna tare da ku.

Na'urar tankin nan taka kuwa ita ce ta fi faranta mini rai a wasiƙarka, kuma za ta taimaka maka wajen mahaifin naka fiye da takarda. Tun da aka ƙirƙiro Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005, manufar ita ce ɗalibin da ba injiniya ba ya iya haɗa abin da zai yi aiki a zahiri, kuma babu gida mai rijiyar burtsatse da bai san ɓacin ran ganin ruwa yana ambaliya daga tanki ba. Ina tsammanin ka liƙa na'urar auna tazara a ƙarƙashin murfin tankin, wadda take aika sautin da kunne ba ya ji, ta ƙidaya lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka kafin ta dawo daga saman ruwan. Idan haka ne, ka nemi irin wadda ruwa ba ya shiga, domin tururin da yake taruwa a cikin baƙin tanki a zafin Afrilu yana saurin cinye mai araha. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Allonka da bolt 5 yake aiki, injin kuwa da wutar gida mai bolt 230, kuma a daidai lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Ƙaramin makunnin nan shuɗi da ake sayarwa tare da allon bai dace ya ɗauki wannan nauyin kai tsaye ba. Ka bar shi ya riƙa tayar da babban makunni, wanda masu wayarin suke kira kwantakta, ka kuma kira mai wayarin ya haɗa ɓangaren wutar. Ka sayi makunni mai iyo a kan ruwa a kasuwar Sabon Gari ka sa shi a matsayin kariya ta biyu, domin ranar da manhajarka ta tsaya ba za ka so injin ya kwana yana aiki ba.

Idan ka mayar da wannan aikin safiya, zai fitar da kai daga ɗaki da kansa. A kasuwar waya ta Farm Centre akwai yara masu liƙa dalma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba, ƙwarewar da shekarunka na rubuta manhaja ba su ba ka ba, su kuma da yawansu suna marmarin sanin yadda ake ba allo umarni. Ka riƙa zuwa wata Asabar ɗin da kayanka. Haka nan akwai tarukan DevFest da ƙungiyoyin masu rubuta manhaja suke shiryawa wajen ƙarshen shekara, ciki har da Kano da Kaduna. Kuma tunda Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ka je wuraren nan da keke idan hanya ta ba da dama, ko ka riƙa hawan Dutsen Dala da safe kafin rana ta yi zafi.

TAMBAYA: Ina aikin tantance alƙaluma a wani ofis a Zariya, da daddare kuma ina rubuta maƙaloli a Wikipedia ta Hausa, musamman kan garuruwa da sana'o'in mata. Rashin wuta yana yawan katse ni, janareto kuma ya fi ƙarfina. Wace irin sola ce za ta ishe ni, ba tare da na sayi abin da ba na bukata ba?

Mai karatu daga Zariya

AMSA: Malama, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ƙaramin janareto ya daina zama mai sauƙi, kuma duhun da yawancin jihohin Arewa suka shiga na fiye da mako guda a Oktoban 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, ya nuna wa masu aiki da kwamfuta cewa dole su tanadi wutarsu. Kafin ki je wajen mai sayarwa, ki yi lissafin da kanki, tunda lissafi sana'arki ce.

Ki duba jikin cajar kwamfutarki, yawanci za ki ga wat 45 zuwa 65. Mu ɗauki 60, mu ƙara 10 na na'urar intanet, da 10 na ƙwan fitila, da 20 na ƙaramar fanka mai caji. Jimilla wat 100 ke nan, idan kuma kina zama sa'a biyar, kina bukatar wat 500 na sa'a a kowane dare, sai ɗan ƙari saboda abin da inbata take zubarwa wajen juya wutar. Batirin litiyam mai bolt 12.8 da amfiya 100 na sa'a yana ɗaukar wat 1,280 na sa'a, kuma za ki iya amfani da kusan 1,000 daga ciki ba tare da kin gajiyar da shi ba, wato yana iya kai ki kusan dare biyu. Batirin ruwa mai girman wannan ya fi araha a ranar saye, sai dai ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, kuma zafin ƙasarmu yana rage masa kwana. Farantin sola mai wat 300, a ranar da take ba da kimanin sa'a biyar masu ƙarfi, zai cike abin da kika sha a dare har da rara, in ban da ranakun Agusta masu hadari. Ki riƙa goge shi da tsumma mai laushi a lokacin hunturu, domin ƙura tana rage masa ƙarfi sosai, kuma kada kowa ya jona dutsen guga ko butar dafa ruwa, kowannensu yana jan wat 1,000 ko fiye.

Rubutun da kike yi kuwa ya cancanci wannan kashe kuɗin. Abin da zan roƙe ki shi ne ki riƙa rubutawa da Hausar bakinki, ki sa haruffa masu ƙugiya a inda suke, ki kawo majiya ga duk abin da kika faɗa, kada ki kwafo abin da injin fassara ya fitar ki liƙa. Maƙala ɗaya a kan saƙar hula ko ɗinkin hannu na Zariya, wadda mai karatu zai ji cewa ɗan gari ne ya rubuta ta, ta fi goma da aka juyo da gaggawa amfani.

TAMBAYA: Ni injiniyan sadarwa ne a Damagaram. Bayan aiki ina kiwon tattabaru, da yamma kuma ina zama wajen dara da dattawan unguwarmu. Abokan aikina suna cewa ɓata lokaci nake yi, wai duk abin da ba zai kawo kuɗi ko takardar shaida ba, mai aikin fasaha bai kamata ya yi shi ba. Suna da gaskiya?

Mai karatu daga Damagaram

AMSA: Ba su da gaskiya, ɗan'uwa, ko da yake akwai abin ɗauka a maganarsu. Fannin sadarwa yana sauyawa da sauri, kuma takardun shaida irin na kamfanin Cisco suna da wa'adin da suke ƙarewa, saboda haka ka ware dare biyu a mako na karatu, ka riƙe su kamar yadda kake riƙe lokacin aiki. Sauran yammacin naka ne. Mutumin da yake wuni yana kallon allo yana bin sawun matsala a cikin waya yana bukatar abin da zai sa hannunsa da idonsa a kan abu mai rai, ya kuma zauna da mutanen da ba sa maganar aikinsa, tattabaru da dara kuwa suna ba ka duka biyun ba tare da ka biya ko sisi na data ba. Idan ka mayar da kiwon kasuwanci, za ka fara ƙidayar ƙwai da lissafin hatsi, hutun da kake samu a ciki ya tafi. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne tsafta: ka yayyafa ruwa kafin ka share akurkin don kada ka shaƙi ƙurar kashinsu, ka rufe hancinka, ka wanke hannu da sabulu, kuma ka nisanta akurkin daga tagar ɗakin da kake ajiye kwamfuta da kayan aikinka.